Southern Shrimp Alliance

Southern Shrimp Alliance, a taƙaice SSA, ƙungiya ce ta masunta da masu sarrafa jatan lande a ƙasar Amurka. An kafa ta a shekarar 2002, kuma ofishinta yana garin Tarpon Springs a jihar Florida. Tana magana da yawun masu kamun jatan landen ruwan ɗumi a jihohi takwas da ke bakin teku: Carolina ta Arewa, Carolina ta Kudu, Jojiya, Florida, Alabama, Mississippi, Louisiana da Texas. Babban aikinta shi ne kare wannan sana'a daga jatan landen kiwo mai araha da ake shigowa da shi daga Asiya da Latin Amurka. An fi saninta da ƙarar cinikayya da ta jagoranta a ƙarshen 2003, wadda ta sa aka ɗora haraji kan jatan lande daga ƙasashe shida. John Williams, wanda shi ma ya fito daga cikin masu jiragen su, ya shafe shekaru masu yawa yana riƙe da muƙamin babban daraktanta.

Sana'ar da ƙungiyar ke karewa

Jatan landen da ake kamawa a kudu maso gabashin Amurka iri uku ne manya: mai ruwan ƙasa, da fari, da mai ruwan hoda. Suna yin ƙwai a cikin teku, ƙananan su shiga fadamu da bakin koguna inda ruwan gishiri ke gauraya da ruwan daɗi, su girma a can, sannan su koma teku. Yawancinsu ba sa wuce shekara ɗaya zuwa biyu a raye, don haka kamun kowace shekara ya dogara ne da yanayin ruwa da ɗuminsa a wannan shekarar, kamar yadda amfanin gona yake dogara da damina. Louisiana da Texas ne suka fi kowace jiha kamu. A Texas ana rufe su daga tsakiyar watan Mayu zuwa tsakiyar Yuli domin a bar jatan landen ya ƙara girma, saboda a kasuwa girmansa ne ke yanke farashinsa.

Akasarin jiragen na iyalai ne, uba ya bar wa ɗa. Akwai ƙananan kwale-kwale masu fita da safe su dawo da yamma, akwai kuma manyan jirage masu injin daskarewa da kan yi makonni a teku suna jan taru a ƙasan ruwa. Bayan faɗuwar birnin Saigon a 1975, 'yan gudun hijira daga Biyetnam sun zauna a garuruwa irin su Biloxi, Bayou La Batre, Palacios da Seadrift, suka rungumi sana'ar. Ba a karɓe su hannu bibbiyu ba: an yi rikici a Seadrift a 1979, kuma a 1981 ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan ta yi ta razana su a yankin Galveston har sai da kotu ta tsawatar. A yau zuriyarsu na riƙe da kaso mai tsoka na jiragen yankin. Wannan ya sa lokacin da aka kai ƙarar Biyetnam a 2003, cikin waɗanda ake neman kare wa abinci har da Amurkawa 'yan asalin Biyetnam ɗin.

Yadda kasuwa ta sauya

A da, jatan lande abincin masu hali ne a Amurka, ana cinsa ranar biki ko a gidan abinci mai tsada. Kiwonsa a tafkuna ne ya sauya wannan. Daga shekarun 1970 zuwa 1980 aka fara haƙa tafkuna da yawa a Ekwador, Taiwan, Tailan, Indonesiya da Sin. A farkon shekarun 2000 manoman Asiya suka koma kiwon wani farin jatan lande ɗan asalin gaɓar tekun Pasifik ta nahiyar Amurka, mai suna Litopenaeus vannamei a kimiyyance, wanda ke jure cunkoso kuma yake girma da wuri. Kaya ya yi yawa, farashi ya karye. A 2001 jatan lande ya zarce kifin tuna na gwangwani, ya zama abincin teku da Amurkawa suka fi ci, kuma har yanzu shi ke kan gaba.

Wani abu ya ƙara tura kayan zuwa Amurka. A 2001 da 2002 Tarayyar Turai ta gano ragowar maganin chloramphenicol da na nitrofuran a cikin jatan landen wasu ƙasashen Asiya, ta tsananta bincike, har ta dakatar da shigo da kayan dabbobi daga Sin a watan Janairun 2002. Kayan da ƙofar Turai ta ƙi sai ya nufi tashoshin Amurka, inda bincike bai kai haka tsanani ba. Tsakanin 2000 da 2003 kuɗin da ake biyan masunci a bakin gaɓa ya faɗi ƙwarai, alhali kuɗin man dizal, da ƙanƙara, da inshora ba su sauka ba. A wannan hali ne wakilan jihohin takwas suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar.

Matsalar masuncin teku a fili take. Mai tafki yana iya tsara lokacin girbi, ya fitar da kaya masu girma iri ɗaya duk shekara, a ɓare su, a cire jijiya, a daskare, kamar yadda manyan kantuna da gidajen abinci suke so. Mai jirgi kuwa abin da taru ya kawo shi ne nasa, kuma ko da farashi ya yi kyau ba shi da ikon ƙara yawan jatan landen da ke cikin teku. A yau sama da kashi 90 cikin 100 na jatan landen da ake ci a Amurka daga waje yake zuwa, yawancinsa daga Indiya, Ekwador, Indonesiya da Biyetnam.

Ƙarar 2003

Ranar 31 ga Disamba 2003 wani kwamiti da ƙungiyar ta tsaya wa, mai suna Ad Hoc Shrimp Trade Action Committee, ya shigar da ƙara a kan Birazil, Sin, Ekwador, Indiya, Tailan da Biyetnam. Zargin shi ne jibge kaya, wato sayar da su a Amurka a farashin da bai kai wanda ake sayarwa a gida ko a wata kasuwa ba, ko kuma bai kai kuɗin samar da su ba. A dokar Amurka hukumomi biyu ne ke duba irin wannan ƙara. Ma'aikatar Kasuwanci ce ke lissafa ko an karya farashi da kuma gwargwadon karyawar. Hukumar Cinikayyar Ƙasa da Ƙasa ta Amurka, ITC, ita ke tantance ko masana'antar cikin gida ta cutu. Sai duka biyun sun amsa da e kafin a sa haraji.

Masu shigo da kaya da masu gidajen abinci ba su zauna ba. Ƙungiyar dillalan abincin teku ta American Seafood Distributors Association da ƙawayenta sun yi gardamar cewa masuntan Amurka ba za su taɓa iya cike buƙatar ƙasar ba, cewa arahar jatan landen kiwo ta samo asali ne daga sauƙin kiwo da arahar ƙwadago, ba daga maguɗi ba, kuma cewa ayyukan da suka dogara da kayan waje, a kantuna da wuraren sarrafawa da gidajen abinci, sun fi na jiragen su yawa. Ƙasashen da aka kai ƙara su ma sun ce talakawan manomansu ne za su ɗanɗana kuɗar harajin.

A watan Janairun 2005 ITC ta yanke cewa an cutar da masana'antar, sai dai ta cire jatan landen gwangwani daga hukuncin. Harajin ya fara aiki ranar 1 ga Fabrairu 2005. Bai zama bai-ɗaya ba: kamfanonin Ekwador sun sami ƙasa da kashi 5 cikin 100, na Tailan wajen kashi 6, na Indiya wajen kashi 10, yayin da mafi tsananin haraji kan Biyetnam ya kai wajen kashi 25, na Sin kuma ya haura kashi 112. Dalilin tsananin na ƙarshen biyu shi ne Amurka ba ta ɗaukar Sin da Biyetnam a matsayin ƙasashen da kasuwa ke yanke farashi a cikinsu, don haka sai ta ari farashin wata ƙasa ta yi lissafi da shi: na Indiya aka ara wa Sin, na Bangladesh aka ara wa Biyetnam. Hukuncin ya zo ne makonni kaɗan bayan ambaliyar tsunami ta Disamba 2004, wadda ta ɓarnata gaɓar Indiya da Tailan. ITC ta sake duba batun ƙasashen biyu saboda haka, amma a ƙarshen 2005 ta bar harajin yadda yake.

Abin da ya biyo baya

Harajin ya rage saurin faɗuwar farashi na ɗan lokaci, amma bai rage yawan kayan da ke shigowa ba. Ciniki ya koma ƙasashen da ƙarar ba ta shafa ba, musamman Indonesiya. Kamfanonin Sin sun koma aiko da jatan landen da aka lulluɓe da garin burodi, wanda ba ya cikin hukuncin. An kuma kama kayan Sin da aka bi da su ta wasu ƙasashe aka sauya musu takardar asali. Wani ɓangare babba na aikin ƙungiyar a waɗannan shekaru shi ne bin diddigin irin waɗannan hanyoyi da kai rahoto ga hukumar kwastan.

A Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, WTO, Amurka ta sha kaye sau da dama kan wannan batu. Babbar matsalar ita ce wata hanyar lissafi da Ma'aikatar Kasuwanci ke bi: idan kamfani ya sayar da wani kaya ƙasa da farashin da ya dace, sai a ƙirga masa, idan kuma ya sayar da wani sama da farashin, sai a rubuta sifiri a madadin a rage masa. Da haka kamfanin da jimillar cinikinsa ba ta nuna karya farashi ba yana iya fitowa da laifi. Ekwador ta yi nasara a kan wannan a farkon 2007, kuma a watan Agustan shekarar aka janye harajin da ke kanta. A 2008 Indiya da Tailan sun yi nasara kan wani tsarin jingina mai nauyi da kwastan ta ɗora wa masu shigo da jatan lande. Biyetnam ma ta kai ƙara har sau biyu, ta sami hukuncin da ya goyi bayanta a manyan batutuwa a 2011 da 2014.

Dokar Amurka ta tanadi a sake duba irin wannan haraji duk bayan shekara biyar. A bitar 2011 an bar shi a kan ƙasashe biyar. A ta 2017 an cire Birazil, wadda dama ta kusa daina aikawa Amurka. A ta 2023 an ci gaba da shi a kan Sin, Indiya, Tailan da Biyetnam.

Batun kuɗi ya jawo wa ƙungiyar suka daga cikin gida. A lokacin da aka shigar da ƙarar akwai wata doka ta shekarar 2000, wadda aka fi sani da sunan Sanata Robert Byrd, da ta ce a raba kuɗin harajin ga kamfanonin da suka goyi bayan ƙara. An raba miliyoyin daloli ta wannan hanya, amma da yake rabon ya bi yawan kuɗin da kowa ya ce ya kashe, manyan masu sarrafawa sun fi ƙananan masu jirgi samu nesa ba kusa ba. WTO ta ce dokar ta saɓa ƙa'ida, Majalisar Dokokin Amurka ta soke ta a 2006, rabon kuma ya taƙaita ga kayan da suka shigo kafin 1 ga Oktoba 2007. Ban da wannan, a 2006 kamfanonin waje da dama sun biya ƙungiyar kuɗi domin ta cire sunayensu daga bitar shekara-shekara da ke iya ƙara musu haraji. Doka ba ta hana hakan ba, kuma ƙungiyar ta ce da kuɗin take biyan lauyoyi da tallafa wa sana'ar, amma wasu masunta, musamman a Louisiana, sun ga abin tamkar sayar da kariyar da aka nema da sunansu.

Bala'o'i ma sun yi nasu aikin. Guguwar Katrina da ta Rita a 2005 sun lalata jirage da wuraren sauke kaya, malalar man Deepwater Horizon a 2010 ta sa an rufe wuraren su masu faɗi na watanni, guguwar Ian kuma a 2022 ta tara jiragen Fort Myers Beach a kan tudu. Tun 2006 gwamnatin tarayya ta daina ba da sababbin lasisin kamun jatan lande a ruwanta na Tekun Meksiko, kuma yawan masu lasisin sai raguwa yake yi.

Kunkurun teku

Tun kafin a kafa ƙungiyar, dokokin kare muhalli sun riga sun shiga cikin gardamar shigo da kaya. Taru mai ja a ƙasan teku yana kama kunkuru ya nutsar da shi, kuma irin da ake kira Kemp's ridley ya kusa ƙarewa. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka wajabta wa masuntan Amurka sa wata na'ura a cikin taru, wadda ƙarafa ce a jere da ke barin jatan lande ya wuce amma ta tura kunkuru waje ta wata ƙofa. Masunta sun ƙi ta da farko, har suka toshe hanyoyin jiragen ruwa a Texas a 1989. A wannan shekarar Majalisa ta yi dokar hana shigo da jatan landen teku daga ƙasar da ba ta da irin wannan kariya. Indiya, Malesiya, Pakistan da Tailan sun ƙalubalanci dokar a WTO. Hukuncin 1998 ya ce Amurka na da ikon kare kunkuru amma ta nuna bambanci wajen aiwatarwa, bayan ta gyara kuma aka amince da tsarin a 2001. Najeriya, wadda ke da jiragen kamun jatan lande a gaɓarta, tana cikin ƙasashen da Amurka ta tantance a ƙarƙashin wannan doka. Dokar ba ta taɓa jatan landen tafki ba, wanda shi ne ainihin abokin gogayyar masuntan Amurka.

Magunguna, ƙwadago da lakabi

Da ƙungiyar ta ga haraji kaɗai bai isa ba, sai ta ƙara nauyi a kan ingancin kayan da ake shigowa da su. Tana bibiyar bayanan Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, FDA, tana wallafa yawan kayan da aka mayar saboda magungunan kashe ƙwayoyin cuta da aka haramta. A 2007 FDA ta sa takunkumin bincike kan jatan landen kiwo daga Sin. Wani rahoton ofishin binciken gwamnati na GAO a 2017 ya nuna cewa kashi 0.1 cikin 100 kacal na kayan abincin tekun da suka shigo a 2015 aka gwada don neman ragowar magani, kuma ƙungiyar ta daɗe tana kafa hujja da wannan adadi. Ta kuma matsa har aka sa jatan lande cikin shirin bin asalin abincin teku na gwamnatin tarayya daga ƙarshen 2018.

Batun ƙwadago ya fito fili a 2014 da 2015, lokacin da jaridar Guardian da kamfanin dillancin labarai na AP suka bankaɗo aikin tilas a jiragen su da rumfunan ɓare jatan lande na Tailan, inda yawancin ma'aikatan baƙi ne daga Myanmar da Kambodiya. A watan Maris 2024 wasu rahotanni suka nuna mummunan yanayin aiki a masana'antun Indiya, kuma a watan Satumban shekarar Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ta sa jatan landen Indiya cikin jerin kayan da ake samarwa da aikin tilas. Masu sukar ƙungiyar kan ce damuwarta da ma'aikatan Asiya ba ta rasa nasaba da kasuwa. Ko da haka ne, ba ita ta ƙirƙiro binciken ba, 'yan jarida da hukumomi ne suka yi shi.

Lakabi shi ne fagen da masunta suka fi samun goyon bayan jama'a. Tun 2005 dokar tarayya ta tilasta wa kantuna su rubuta ƙasar da abincin teku ya fito da kuma ko na kiwo ne ko na teku, amma ba ta haɗa da gidajen abinci ba, inda a nan ne ake cin kaso mai yawa na jatan lande. Gidan abinci a bakin teku yana iya rataye taru a bango, ya manna hoton jirgin su, ya kawo wa baƙo jatan landen tafkin Indiya ba tare da ya faɗi ƙarya ko ɗaya da baki ba. Louisiana ta yi doka a 2019 da ta wajabta bayyana kayan waje a takardar jerin abinci, ta kuma ƙara mata ƙarfi daga farkon 2025. Daga ƙarshen 2024 ƙungiyar ta ɗauki nauyin gwajin ƙwayoyin halitta da kamfanin SeaD Consulting ke yi a gidajen abinci da wuraren bukukuwa na garuruwan bakin teku. A birane da dama gwajin ya nuna cewa yawancin gidajen da aka gwada kayan waje suke sayarwa alhali suna nuna kamar na gida ne. Alabama, Mississippi da Texas su ma sun yi dokokin lakabi a 2024 da 2025.

Rikicin 2023 da sabon haraji

Wani yunƙuri na neman haraji kan tallafin gwamnatoci, wanda wata ƙungiyar masu sarrafawa ta yankin Tekun Meksiko ta fara a ƙarshen 2012, ya faɗi a gaban ITC a watan Satumban 2013. A lokacin wata cuta da ke kashe ƙananan jatan lande ta durƙusar da tafkunan Tailan, farashi ya tashi, don haka da wuya a nuna cewa masana'antar Amurka na cutuwa. Amma Indiya da Ekwador sun cike gurbin Tailan har suka wuce. A 2021 Amurka ta shigo da kusan tan dubu 900, ɗakunan sanyi suka cika, buƙata kuma ta ja baya bayan annobar korona. A 2023 farashin ƙananan jatan lande a wasu wuraren Louisiana ya sauka ƙasa da dala ɗaya kan laba, wato ɗan ƙasa da rabin kilo. Jirage da yawa sun zauna a ɗaure domin kuɗin kamun ba zai biya na mai ba, kuma gwamnan jihar na lokacin, John Bel Edwards, ya roƙi gwamnatin tarayya ta ayyana halin a matsayin bala'i.

A watan Oktoban 2023 ƙungiyar masu sarrafawa ta American Shrimp Processors Association ta shigar da sabuwar ƙara, SSA kuma ta mara mata baya. A watan Disamban 2024 aka sa harajin jibge kaya kan Indonesiya, da harajin ramuwar tallafi kan Ekwador, Indiya da Biyetnam. A Majalisa kuma ƙungiyar ta goyi bayan ƙudurin Save Our Shrimpers Act na 2024, mai neman hana amfani da kuɗin Amurka a bankunan raya ƙasashe wajen ba da rancen kiwon jatan lande a waje.

Lokacin da Shugaba Donald Trump ya sanar da harajin gama-gari kan ƙasashen duniya a watan Afrilun 2025, SSA na cikin ƙungiyoyin sana'a ƙalilan da suka fito suka yi maraba da shi. A ƙarshen watan Agustan shekarar harajin kan kayan Indiya ya kai kashi 50 cikin 100, abin da ya girgiza manoman jihar Andhra Pradesh, inda mafi yawan jatan landen Indiya yake fitowa. A cikin watan ne kuma FDA ta gargaɗi jama'a kan wasu daskararrun jatan lande daga Indonesiya bayan an gano sinadarin Cesium-137 mai tururin nukiliya a cikin kwantenoninsu, aka janye kayan daga kantuna a jihohi da dama.